Ranar da Barira Ta Kira Sunan Ɗanta

Akwai wata mata a Birnin Tudu mai suna Barira, wadda duk unguwa ake yabon kunyarta. Ɗanta na fari, Sadi, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce "wanga yaro". A gaban surukarta Inna Lantana kuwa, ko kallonsa ba ta yi.

Amma uwa uwa ce. Ta lura ana daka a gefensa ba ya ko motsi, kwano ya faɗi ba ya waiwayawa. Ga ruwa mai wari yana fita daga kunnuwansa tun yana rarrafe.

Ta so ta yi magana, kunya ta ɗaure mata baki. Wa ya taɓa ganin uwa tana rawar jiki a kan ɗan fari?

Da abin ya ishe ta, sai ta tura ƙanwarta Taiba wurin Inna.

"Miskili na, kamar ubanai," in ji Inna Lantana. "Audu ma sai da ya yi wayo kana ya buɗe baki. A ɗiga mashi man gyaɗa."

Audu, uban yaron, cewa ya yi abin da Inna ta faɗa shi za a yi. Abin haushi, gida cike da manya, an rasa mai cewa a gwada asibiti. Aka yi ta ɗiga mai har damina biyu ta wuce.

Wata rana da hantsi, Sadi yana wasan ƙasa a bakin hanya, sai ga mai babur ɗauke da buhunan gero, birki ya ƙi kamawa, yana ta danna oda. Barira ta hango daga zaure.

"Sadi! Sadi!"

Ranar ce ta fara kiran sunansa da bakinta, kuma bai waiwayo ba. Mai babur ya kauce ya afka cikin darnin kara. Yaro ya ci gaba da wasansa, bai ma san an yi ba.

A ranar ta goya shi a gaban kowa, Audu ya bi bayanta har asibiti a Talata Mafara. Likita ya ce kunnen dama ya riga ya tafi, na hagu ne ke da saura. "Da tun farkon fitar ruwan kunnen kuka kawo shi, da ba haka ba."

Aka ba su magani, aka koya musu su riƙa fuskantarsa in za su yi magana, suna haɗawa da nuni da hannu.

Yanzu kullum Barira na durƙushe a gefen hagunsa tana kiran sunansa. Wata rana Inna Lantana ta ce, "Barira, ina kunyar taki?"

Ta sunkuyar da kai. "Inna, kunyata ta ci kunne guda. Ba ni ba ta na biyu."

Darasi: Kunya ado ce, amma ba a kan lafiyar yaro ba. In kun ga ɗanku ba ya ji, ba ya gani, ko ya makara wajen zama da magana, ku kai shi asibiti tun da wuri, kuma duk gida a taya uwarsa. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai uwar da ke yin shiru yanzu haka.