Allurar Motar Kawu Dabo

Wayyo daɗi, yau dai motar ta dawo!

Akwai wani direba a Mawashi, Kawu Dabo, shi ke kai 'yan mata makaranta Kusada, har da ni. Motar ba tashi ba ce, ta Alhaji Nagoggo ce.

Kwanan baya allurar da ke nuna zafin inji ta fara hayewa ja. Yana tada mota sai fanka ta kama gurnani. Ya tsaya, ya zuba ma lagireto ruwan leda, a banza. Kullum a makare muke isa. Babanmu ya ce in babu mota, babu makaranta.

Alhaji ya kira shi. "Dabo, ka ƙona mani inji. Kawo makulli, saida ta zan yi."

"Alhaji, a yi mani haƙuri zuwa gobe."

Kawu ya lallaɓa da motar Kankiya, garejin Sada bakanike. 'Yan tasha suka taru, kowa na cewa gaskit ɗin cikin inji ne ya ƙone, a sauke inji kawai. Har an ɗauko sifana, Kawu ya riƙe bonet.

"Kar a kwance komi. A bari ta kwana ta huce, mu gani."

Suka yi ta mashi dariya, wai mota yake ma jinya. 

Da safe Alhaji ya iso, har da mai saye. Sada ya murɗa makulli, bai tada inji ba. Allura ta haye ja.



Sada ya dafa injin, sanyi ƙalau. "Injin da ya kwana bai tashi ba, ina ya samo zafi? Ƙarya ake ma allurar."

Ya bi wayar allurar har wani ɗan abu kamar yatsa, sensa, mai auna zafin ruwan inji. Bakinshi duk tsatsa. Ya ɗaura sabo, aka tada mota, aka jira. Allura ta hau a hankali, ta tsaya tsakiya cak.

Alhaji ya juya ga mai saye. "Malam, na fasa." Ya miƙa ma Kawu makulli. "Litinin kar ɗiyan mutane su makara."

Darasi: In abu ya ɗau zafi, bari ya huce ka bincika kafin ka yanke hukunci. Ku tura ma duk mai gaggawa.

Amma don Allah ban da 'yan ajinmu tukuna. So nake sai dai su ga mun sauko daga mota.