Sabon Masai a Kan Tsohon Bututu

An yi wani maigida a wani gari, mahaifiyarsa ta tsufa a ƙauye har gwiwoyinta suka daina yarda da tsugunno. Ya roƙe ta ta dawo gidansa, ya aika, ya sake aikawa. Amsarta kullum ɗaya ce: "Ba zan zauna inda surukata za ta riƙa ɗaga ni daga bakin masai ba."

Sai mutumin nan ya tafi kasuwa ya sayo masai irin na zama, fari fat, mai tankin ruwa a baya. Ranar da aka sauke shi, unguwa ta cika gidan, kowa yana so ya taɓa. Mai gyaran famfo ya zo ya cire tsohon na tsugunno, ya ce, "Maigida, in ɗora a kan tsohon bututun, ko a tone a sa sabo?"

To, bututun nan ta ƙarƙashin tsakar gida ya bi ya tafi sokawe, ramin da ƙazamin ruwa ke taruwa. Tsakar gidan kuwa bai daɗe da yi mata daɓen siminti ba, sumul, har da jan fenti, duk saboda zuwan tsohuwa. Ya dubi daɓensa ya ce, "Ɗora kawai. Wa yake ganin bututu?"

Aka ɗora, aka zuba bokiti guda, ruwa ya wuce, kowa ya tafa. Nan take maigida ya rufe ƙofar banɗakin da kwaɗo, ya ce ba mai shiga kafin Iya, ita ce babba, ita za ta fara. Haka masai ya zauna a kulle, ba wanda ya ƙara gwada shi.

Ranar da tsohuwa ta iso aka yanka kaji, aka kai ta ta gani. Ta riƙe baki ta ce, "Yanzu a kan wannan zan yi? Ai ya fi kwanon tuwona haske!" Ta zauna, ta tashi da kanta, ba wanda ya kama ta. Gida ya ɗauki guɗa.

Amma da masu zuwa gaisuwa suka yawaita, sai masai ya fara ɓulɓul. Wata safiya ƙazamin ruwa ya dawo ya malale banɗakin, wari ya kori kowa daga inuwa. Tsohuwa ta ɗaure kayanta a zane, ta fito ta ce wa ɗanta, "Baban Rifkatu, a nemo mini mota. Ramina na ƙauye bai taɓa dawo mini da abin da na ba shi ba."

Mutumin ya dubi ƙullin kayan, ya shiga ɗaki ya fito da diga. Matarsa ta ce, "Maigida, daɓen fa?"

Ya ce, "Uwata za ta tafi, kina zancen daɓe?" Ya ɗaga diga ya sauke a tsakiyar jan fentin.

Da maƙwabta suka ji ƙara suka shigo da shebur. Aka tone, sai ga tsohon bututu a tsage, saiwar mangwaro ta shiga ta cika shi dam, ta nannaɗe da tsummoki da ledoji. Maza suka kama suna ja, suna dariya, suna toshe hanci, saiwa tana ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba. Aka shimfiɗa sabon bututu, aka shiga zuba ruwa bokiti bayan bokiti, wani maƙwabci yana bakin sokawe yana ihu, "Ya iso! Ku ƙaro! Ya iso!"

Tsohuwa ta kwance ƙullinta ta ce, "To, a dama mini kunu."

Ga ma'anar misalin nan, 'yar'uwa, kada kuma ki waiga ki dubi ta kusa da ke, da ke nake. Sabon masai shi ne abin da muke nuna wa mutane: kayan ƙungiyar zumuntar mata masu guga, kujerar gaba a majami'a, murya mai daɗi a ƙungiyar mawaƙa. Ba su da laifi. Bututu shi ne zuciya. Saiwar kuwa ita ce gabar nan da kika binne tun ranar rabon gado, kina cewa ta wuce. Ba ta wuce ba, girma take yi. Sujadar safiyar Lahadi bokiti guda ce, kowace zuciya tana iya shanye ta. Bari mutane su zauna da ke mako guda, abin da ke ciki zai dawo sama, waɗanda kika fi ƙauna kuma su ne za su fara ɗaure kaya.

Daɓen shi ne sunanki mai kyau da kike tsoron fasawa. Fasa shi. Ubangiji yana ba da sabuwar zuciya da murna, amma ga wanda ya yarda a tone. Yau ɗin nan, kafin ki ɗora tukunya, je ki ƙwanƙwasa ƙofar nan da kika daɗe kina kewayewa. Zai yi wari, na gaya miki tun yanzu. Toshe hanci ki ci gaba da tono.