Dalilin da Ya Sa Goge Ke Kuka da Izgar Doki

Dalilin da ya sa goge ke da muryar mai kuka, ko da a gidan biki ake goga shi, ba kowa ya sani ba. Ku matso kusa, yara. Kai kuma mai hamma, rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga.

A zamanin da, tsirkiyar goge guda ce tak, ta hanjin rago, a wanke shi a murɗe a shanya. Muryarta garau take, ba ta san komai ba sai dariya. Ko gurgu ya ji ta sai ya kaɗa kafaɗa.

To, a wani gari da ake kira Tudun Ƙirya an yi wani mai goge, sunansa Jatau. Ba gona, ba ɗa, ba jika. Iyakar abin da ya mallaka gogensa ne da wata tsohuwar goɗiya da yake kira Gunya, wadda ke kai shi kasuwa-kasuwa tun yana da baƙin gashi. Abin da kiɗa ya kawo tare suke ci, shi tuwo, ita dusa da harawa.

Al'adar garin kuwa, Sarkin Fawa ke ba makaɗa hanjin tsirkiya. Su kuma in sun shiga kasuwa, da takensa za su fara kafin na kowa.

Ran wata kasuwa Gunya ta yi tuntuɓe a gangaren rafi, gwiwarta ta fashe. Duk da haka ta miƙe, ta kai maigidanta har bakin rumfuna tana ɗingishi. Tausayi ya cika Jatau. Da ya ɗauki goge, hannu ya riga hankali, sai ga shi yana yi wa goɗiya kirari a gaban jama'a. Shi kuwa Sarkin Fawa Makau ya riga ya gyara zama, ya baza riga yana jiran takensa.

Makau ya ce, "Jatau, dabba ka sa gaba da ni?"

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, tuba nake. Wallahi zuciya ce ta ɗebe ni."

"Tashi ka ba ni wuri. Daga yau ko tsawon ɗan yatsa na hanji ba mahaucin da zai ba ka, nan da duk kasuwannin da ke kewaye."

Makau ba mugu ba ne, ku ji da kyau. Irin mutanen nan ne da in sun yi magana a gaban jama'a, sun gwammace a kwana da yunwa da a ce sun janye.

Damina ta faɗi, danshi ya ci tsirkiyar Jatau, ta tsinke. Ya murɗa zaren rama ya ɗaura, goge ya yi ta tari kamar tsoho mai mura. Ya gwada zaren auduga, ko ƙus bai ce ba. Maƙeri ya ja masa siririn ƙarfe, wannan kuwa ihu ya yi ta yi, har karnukan unguwa suka taya shi. Ba kiɗa, ba dusa. Gunya ta rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinta, ga gwiwa ta ƙi warkewa.

Wata safiya Jatau na zaune gindin turke, ya rasa tudun dafawa. Gunya ta kaɗa wutsiya tana korar ƙuda, gashi ɗaya ya maƙale a maratayin goge. Ya ja shi zai cire, sai ya ji wata 'yar murya siririya. Ya daɗe yana duban wutsiyar nan, don ita kaɗai ta rage wa Gunya daga kyanta na da.

Ya ce, "Gunya, ki yafe mini. Na ci ƙarfinki, yau kuma ga ni zan ci adonki. Amma in Allah ya yarda, da hatsi zan dawo miki."

Ya yanke rabin izgar yana hawaye. Gashi ɗaya ba zai riƙe ba, sai ya haɗa su da yawa ya ɗaure, ya sa wasu a bakan da yake gogawa da shi, ya shafa ƙaro. Ya kama hanyar kasuwa a ƙasa.

Da ya goga, muryar ta fito dishi-dishi, ta yi sama ta karye, ta sake tashi. Ba wanda ya yi rawa. Mai awon gero ya tsaya da mudu a hannu. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Ɗan nan, wa ya mutu maka?"

Ya ce, "Ba kowa, Iya. Yunwa ce a gida."

Nan da nan aka cika masa buhu da dawa da dusa. Makau kansa ya taso, idonsa ja wur, ya miƙo masa hanji sabon murɗi. Jatau ya karɓa da hannu biyu, ya saɓa buhu, ya yi gida yana sassarfa.

Ya tarar da Gunya kwance, ƙudaje sun rufe ta, guntuwar wutsiya ta kasa korarsu. Ya ɗebo dawa a tafin hannu ya kai bakinta. Ta shinshina, ta lashi hannun, ta bar dawar. Kafin azahar Gunya ta cika.

Hanjin da Makau ya ba shi, a rataye ya bushe har ya kakkarye. In an ce ya mai da tsohuwar tsirkiya, sai ya ce, "Ku bar min izgar Gunya, iyakar abin da ya rage min ke nan." Masu goge na wasu garuruwa suka ji muryar ta shiga ransu, su ma suka koma izga.

Shi ya sa har yau da gashin wutsiyar doki ake ɗaure goge. In kun je biki ana ta tsalle da guɗa, ku kasa kunne ƙarƙashin kiɗan, za ku ji goge na kuka, ko da mai goga shi dariya yake yi.