Yadda Shehi Ya Buɗe Bakin Direba

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne na ilimi, waliyyi mai tsantseni, wanda bai taɓa ɗaga murya a kan wanda ya saɓa masa ba, balle ya ƙullace shi. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da wani mai aski.

Mai askin nan yana da wa, tsohon direba, kuma tun tasowarsu ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Kullum da yamma wan zai zo shagon ya zauna a benci, in ƙanen ya ce hadarin nan zai zubar, ya ce iska ce kawai, su yi ta yi har mai jiran aski ya manta da abin da ya kawo shi. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da direban, harshensa ya ɗaure. Iyalinsa suka koma lallashi, ko gira ya ɗaga sai a ce, "Haka ne, Baba." Shi ma mai aski in ya je yi masa gyaran fuska, haka yake cewa, ya dawo shago ya zauna shi da madubi. Bencin ya zama wurin ajiye tawul. Wani lokaci yakan faɗi maganar da ya san ba daidai ba ce, ko wani zai tanka, sai masu zuwa aski su ce, "Gaskiyarka," su sa hula su tafi.

Da abin ya ishe shi ya je ya durƙusa gaban Shehi. Bai kai ga buɗe baki ba, Shehi, Allah Ya tsarkake sirrinsa, ya ce, "Kun rufe bawan Allah da 'haka ne' tun yana numfashi. Saɓanin baki daban, na zuciya daban. Je ka musa masa, kafin ka goge kumfa zai amsa." Ya yi addu'a a tafin hannunsa ya sallame shi.

Mai aski ya tarar da wansa a jingine, yana kallon bango. Ya shafa masa sabulu, ya ce, "Yaya, ni fa na daɗe ina son faɗa maka. Ba ka taɓa iya ribas da mota ba. Sa'a ce kawai take fitar da kai."

Matar wan ta riƙe baki. Idon direba ya kaɗa, leɓensa ya yi ta motsi a cikin kumfa, can wata murya ta fito kamar tsohuwar ƙofa: "Ƙarya kake, ɗan banza."

Aska ta faɗi ƙasa. Mai aski ya zauna daɓas yana hawaye, yana cewa, "Wallahi ba ka iya ba, Yaya," wan kuma yana harhaɗa kalma ɗaya bayan ɗaya yana rantsuwa, har aka kira Magariba ba a gama gyaran fuskar ba.

Tsarki ya tabbata ga Mai buɗe harsuna ta hannun bayinSa na gari. Allah Ya sa mu a albarkar Shehi, Ya bar mu da masu musa mana saboda ƙauna. Wanda kuma bai yarda da labarin nan ba, ya zo ya faɗa mini, akwai wurin zama.