Kilon Da Ya Yi Ƙiba

Ga ta nan ta iso gare ku, kowa ya gyara zama. Mai gyangyaɗi a taɓa shi, don ni ba na maimaitawa.

A kasuwar namun daji ta Gindin Kuka, awo ya lalace har ya zama abin kunya. Kowane mai hatsi ya bubbuge gindin mudunsa ya shige ciki. Ka sayi tiya guda, ka je gida ka juye, ko kunun yara ba za ta yi ba. Ƙorafi ya yi yawa har ya hana Zaki barcin rana, kuma kun san shi da barcin rana. Ya tashi a fusace ya kafa doka: an soke mudu, an soke tiya, kowa ya sayi sikeli mai allura irin na zamani. Za a kawo ma'aunin hukuma daga birni, mai nauyin kilo ɗaya cif, a ɗora a kan kowane sikeli. Wanda allurarsa ta tsaya daidai a buga masa hatimi, wanda tasa ta kauce a kai shi gaban Zaki.

Doka ta yi kyau, ban ce ba ta yi ba. Sai dai Kunkuru aka ba kwangilar ɗauko ma'aunin, saboda surukin Zaki ne. Ya kama hanya tun da kaka. Bazara ta shigo, ba shi ba labarinsa. Kuma duk kasuwar babu wanda ya taɓa ganin ma'aunin nan, balle ya san ko ƙarfe ne ko dutse.

To, akwai Kurege. Bai yi noma ba, ya ce rana tana sa masa ciwon kai. Yanzu yunwa ta tsotse shi, haƙarƙarinsa duk a waje, in iska ta taso sai ya riƙe ciyawa. Ya san in bai sami abin taɓawa ba, ba zai ga damina ba. Yana kwance a bakin rami ya ji 'yan kasuwa suna fargabar ma'aunin da ba su sani ba. Ya kwashe da dariya har cikinsa ya murɗa.

Da gari ya waye ya shafe jikinsa da toka har ya yi fari fat, ya lanƙwasa waya ya yi tabarau, ya rataya murfin gwangwani a wuya. Ya fafe ƙwallon goruba ya yi hatimi, ya jiƙa shuni a ɗan kasko. Sai rumfar Ɓauna mai sayar da gyaɗa.

Bai yi sallama ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ne Kilo ɗan Kilo, wanda aka auna a birni aka rantsar. Ƙarfe yana tsatsa, dutse yana gutsurewa, shi ya sa hukuma ta koma ma'auni mai rai. Hajiya, kawar da gyaɗar nan in hau."

Ɓauna ta yi maza ta kawar da gyaɗar, don ta san ta ɗan taɓa sikelinta. Kurege ya ɗare faranti ya harɗe ƙafa. Allura ta yi 'yar tafiya ta tsaya, ko kusa da kilo ba ta kai ba. Ina za ta kai? Ƙashi ne da gashi.

Ya leƙo ta saman tabarau ya girgiza kai, ya ce mata tausayinta yake ji. Wai ga kilo guda zaune, sikelinta yana cewa rabi da ɗan wani abu, ashe duk shekarar nan kanta take cuta. Ya sa ta murɗa notin da ke bayan sikelin, ta yi ta murɗawa har allura ta hau kan ɗaya. Ya dangwala hatimi a shuni ya buga.

Ɓauna ta yi lissafi a ranta, ta ga daga yau za ta ba da rabi ta karɓi kuɗin guda, kuma da hatimin hukuma. Daɗi ya kusa kashe ta. Ta kira shi Yallaɓai, ta kira shi ranka ya daɗe, ta tura masa buhu ta ce ya ci har ya gaji. Bai gaji da wuri ba.

Da gari ya waye labari ya gama kasuwa cewa ma'aunin hukuma mutumin kirki ne, ya san darajar ɗan kasuwa. Kafin hantsi an yi layi. Mai dabino yana jan hannunsa, mai aya yana riƙe masa inuwa, mai ƙuli-ƙuli yana yi masa fifita. Ko mutum ɗaya bai ce a nuna masa takardar aiki ba. Wa zai tambaya, alhali kowa da abin da ya ɓoye a ƙarƙashin faranti? Kurege ya hau, a murɗa, ya buga hatimi, ya ci. In ya ƙoshi sai ya hau kan buhu yana yi wa kansa kirari: "Kilo mai tafiya da ƙafarsa! Allura ta gan ni ta rusuna!"

Haka aka yi ta yi, gari na wayewa, Kurege na ci. Kumatu suka fito, wuya ya yi taiɓa, igiyar murfin gwangwani ta fara shaƙe shi. Shi bai lura ba. Ya ɗauka girma ne na muƙami.

Kura ce ta zo a ƙarshe. Ita mahauciya ce, kuma ta ɓoye sikelinta tun farko saboda dunƙulen darmar da ta liƙa a ƙarƙashinsa. Da ta ji kowa yana sam-barka, sai kwaɗayi ya fito da ita. Kurege ya hau da nishi, faranti ya yi ƙara. Allura ta zabura ta wuce biyu.

Amma bakin Kurege bai mutu ba. Ya leƙa ƙasa ya hango darmar, ya ɓamɓaro ta ya ɗaga sama. Ya tambayi Kura ko za ta murɗa noti baya, ko kuwa su tafi tare da darmar su tashi Zaki daga barci. Kura ta kama notin. Ta murɗa baya, ta murɗa, har allura ta sauko kan ɗaya. Ya buga hatimi, ya naɗe kilishinta ya tafi yana taunawa.

Daga ranar Kura ta shiga uku. Duk wanda ya ce kilo, sai ta yi ta lafta nama har hannunta ya gaji kafin allura ta kai. Kafin azahar tebur ya ƙare, aljihu ba nauyi. Kurar da tun tasowarta ba ta taɓa cika wa kowa awo ba, ga ta tana rabon sadaka ba da niyya ba.

Da gari ya waye, ranar babbar kasuwa, Giwa ta zo cefanen suna. Ta sayi kilon gyaɗa wajen Ɓauna, aka ba ta abin da bai cika mata baki ba. Ta sayi kilon nama wajen Kura, aka cika mata kwando. Ta ajiye su gefe da gefe ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗe ƙahon Ɓauna da hancinta, ta ce a gaya mata wanne ne kilon. Ɓauna ta nuna hatimi. Kura ma ta nuna hatimi. Giwa ta ce to a kawo ma'aunin.

Aka same shi a rumfar mai dabino, aka ɗauko shi cak, don tafiya ta fara yi masa wuya. Giwa ta dire shi a sikelin Ɓauna, wanda shi da kansa ya fara buga wa hatimi. Allura ta zagaya kamar za ta fice daga gilashi, ta je ƙarshe ta ƙame.

Kurege ya gyara tabarau ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ci gaba ne. Komai na ƙasar nan yana ƙaruwa, don me kilo kaɗai zai tsaya wuri ɗaya?"

Ba wanda ya yi dariya. Gumi ya fara wanke tokar, jan gashinsa ya bayyana, wani ya ce ai wannan Kuregen bakin rami ne. Kura ta matso a hankali tana wasa wuƙa a tafin hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Yallaɓai, ai abin mai sauƙi ne. Mu mahauta in nama ya wuce kilo ba ma gardama da allura. Ragewa muke yi har ya dawo daidai."

Ta cafke wutsiyarsa ta shimfiɗa a tebur. Wuƙa na sauka Kurege na fizgewa, ya bar mata rabin wutsiya a hannu. Ya faɗa cikin kwandon tumatir, ya fito ta tsakanin ƙafafun Giwa. Ɓauna kuwa, don a ga ita ma an cuce ta, ta sa ƙaho ta kwashe shi ta cilla. Ya tsallake rumfuna ya faɗa cikin ƙaya, ya tashi da ƙulu a goshi, ya ranta a na kare yana ɗingishi, tumbinsa na jan ƙasa.

Sai da ya hau kan wani suri mai nisa ya tsaya yana haki. Ya shafa tumbin, ya ga wannan kitsen zai kai shi damina har da saura. Ya jawo guntun wutsiyar yana hura mata iska, sai ya tsaya ya ƙura mata ido. Ya gwada ta da hannu, ya sake gwadawa.

Ya ce, "Kai! Kamu ɗaya cif. Masu yadi ma ai an ce za a duba musu awo."

Kunkuru kuwa, an ce ya kai bakin rafi, ya aiko a ƙara masa guzuri.

Ƙurunƙus, kan guntun wutsiyar da aka bari a teburin Kura.