Ƙasar da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

An ce wani sarki, sunansa da na garinsa duk sun kuɓuce mini, tsufa ke nan, yana da ɗa guda da aka ba gurbin karatu a ƙasashe biyu na can ƙuryar arewa, Norway da Finland. Sarki ya rasa inda zai tura yaron, sai ya aiki bayinsa biyu, Jatau da Tukur, kowa ya zaga ƙasashen nan ya gano inda zama ya fi daɗi.

Da suka komo, Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Norway haske ce zalla, rana ba ta faɗuwa, har na rasa lokacin Magariba. Finland kuwa duhu, mutanenta ko sannu ba sa yi."

Tukur ya ce, "Kai Jatau, ji tsoron Allah! Finland ce mai hasken. A Norway da fitila na ci abincin rana."

Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan, kansa ya ɗaure. Ya sake tambaya, suka sake rantsuwa. Ya ce lalle ɗaya maƙaryaci ne, kuma tunda bai san wanne ba, gobe za a kori su biyun daga gari.

Akwai wani tsohon malami makaho a fadar, Malam Ilu. Ya ce, "Ya sarki, baƙon da ya zo garinka ranar Sallah da wanda ya zo ranar makoki, wanne ya ga garinka?"

Sarki ya ce, "Duka. Ko kuwa babu. Malam, kada ka ƙara rikita ni."

Malam ya tambayi bayin lokacin tafiyarsu. Ashe Jatau ya fara da Norway lokacin bazarar can, ya ƙare da Finland cikin hunturu, Tukur kuwa ya yi akasin haka.

Sarki ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To, wacce ta fi?"

Malam ya ce, "Ban sani ba, ni ko ranar garin nan ban taɓa gani ba. Amma ba abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai?"

Jatau ya sosa ƙeya, ya ce, "A duka biyun ɗan minista da ɗan mai shara aji ɗaya suke zama." Tukur ya ce, "Haka ne, asibiti ma ba a tambayar wane ne ubanka."

Sarki ya sunkuyar da kai, don bai taɓa tambayar wannan ba. Ya yafe wa bayinsa, ya ce, "Rana ta Allah ce, adalci shi ne na sarki."

Inda aka tura yaron, na manta. Amma zancen rana na bincika wurin wani likita Bazazzagi da ya zauna can. Ya tabbatar mini cewa a arewacin ƙasashen biyu takan ƙi faɗuwa da bazara, ta ƙi fitowa da hunturu.