Yadda Ƙararrawa Ya Kwashe Muryoyin Zaure

"Duk abin da ke cikin waya, a hannuna aka yaye shi," in ji Ƙararrawa. Haka yake faɗa ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shi ne mai buga ƙararrawar canjin aiki zamanin da masaƙa take da rai. Da aka rufe ta, ƙarfen ya yi shiru, bakinsa ya gaji aikin. Mutum ne mai daɗin zama, ga barkwanci. Aibinsa ɗaya ne, ba ya yarda a koya masa komai.

Tsofaffin ma'aikatan masaƙar suna da zaure a wani babban dandalin sada zumunta. A can suka tara ɗan abin da ya rage musu. Akwai hotunan layin injuna, kowa da auduga a ka kamar furfurar aro. Akwai hoton dogon bencin bakin ƙofa inda ake jiran a buɗe. Sai kuma saƙonnin murya. Waɗanda aka fi ji da su su ne na marigayi Babban Makaniki, wanda kafin rasuwarsa kullum da safe yakan kwaikwayi kukan wani inji da bakinsa, ya ce a canki wanne ne. Sai ka ji tsofaffi suna ta gardama kamar gobe za su koma aiki.

Ana nan sai kamfanin dandalin ya fito da sabuwar doka. Ya ce a ƙarshen wata zai goge duk tsofaffin saƙonni, kuma zai riƙa cusa talla a tsakiyar hira. Zaure ya ɗauki zafi. Kowa ya cire hotonsa ya sa baƙi. Aka shiga yajin magana tare da wasu zauruka masu yawa, abin da ya kusa kwantar da Ƙararrawa a asibiti. Kamfani ko gezau.

Sai Mai Rediyo, abokin Ƙararrawa tun suna samari, ya tara mutane a shagonsa ya kawo shawara.

"Akwai wani tsari da ba shi da maigida ɗaya," in ji shi. "Kowace ƙungiya tana kafa gidanta a kan na'urarta, gidajen kuma suna gaisawa kamar maƙwabta. Ba wanda zai wayi gari ya canza mana doka. Ga tsohuwar kwamfuta can a ƙuryar shago, ta ishe mu. Saura wanda zai kwaso mana kayanmu kafin a goge."

"An samu," in ji Ƙararrawa. "Ko tari wani ya taɓa yi a zauren nan, da shi zan taho."

"To ka tsaya in nuna maka yadda ake sauke murya. Ba ɗaya take da hoto ba."

"Kai za ka nuna mini? Kai da har yau in rediyo ta ƙi magana marinta kake yi?"

Aka kwashe da dariya, Mai Rediyo ya ƙyale shi. Ƙararrawa ya ƙara da cewa kowa ya goge manhajar kamfani daga wayarsa, don su san an yi fushi. Aka goge, tunda kaya suna hannun gwani.

Dabara ɗaya Ƙararrawa ya sani. In ya danna maɓallai biyu na gefen waya tare, sai ta ɗauki hoton abin da ke fuskarta. Da ita ya bi hotunan injuna ɗaya bayan ɗaya, suka fito tas. Da ya iso kan muryoyi, sai ya ci gaba da abin da ya saba. Ya duba, ga ɗan hoton mai magana, ga layin murya, ga ɗan maɓallin kunnawa, komai ya fito. Zuciyarsa ta ce masa ya gwada ko ɗaya, amma lokacin yana tsakiyar wani aiki mai daɗi. Bidiyo yake ta yi yana caccakar kamfani, baƙi suna yaba masa suna kiransa Baba mai gaskiya. Wa zai bar wannan ya tsaya gwaji?

Ana cikin haka matar marigayi Babban Makaniki ta kira shi.

"Ƙanina, na ji an ce kai ke kwashe kaya. Muryar yayanka tana ciki?"

"Haba Yaya, ai shi na fara ɗauka. A gaban mota ma na sa shi."

Ta yi 'yar dariya. "In ina shara nake kunna ta, sai in ji kamar yana ɗaki. Ba ni da wata sai ita."

"Ki sa a ranki ya riga ya isa."

Mai Rediyo ya nemi ya ba shi kayan ya duba tun da wuri. Ya ƙi, ya ce sai ranar buɗe sabon gida, a gaban jama'a, da hannunsa.

Wata ya ƙare, kamfani ya goge abin da ya ce zai goge. Ranar buɗewa aka jera bencuna a shago har bakin titi. Masu saƙa, masu rini, direbobi, har mai gadin da ba ya gani sosai, duk suka hallara. Aka ba matar marigayi kujera a gaba, kusa da lasifika. Ƙararrawa ya sha sabon ɗinki, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda shi kaɗai ya durƙusar da kamfani. Sannan ya haɗa wayarsa da lasifika, ya ce a yi shiru, Babban Makaniki zai yi magana.

Ya danna. Ba a ji komai ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, sai hoton ya ƙara girma.

"Lasifikar nan taka ta tsufa," in ji shi.

Mai Rediyo ya karɓi wayar, ya ja hotunan gefe da yatsa, ya sake ja, ya daɗe yana ja. Sannan ya ɗago.

"Abokina, hoton murya ka ɗauko mana?"

Wani a baya ya fara dariya, da ya dubi kujerar gaba sai ya haɗiye ta. Matar marigayi ta miƙa hannu aka ba ta wayar. Ta jima tana kallon ɗan hoton mijinta a gefen layin, sannan ta mayar wa Ƙararrawa a hankali.

"Fuskarsa ina da ita a bango, ƙanina. Muryar na zo ji."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rashin sani ba abin kunya ba ne, ƙin tambaya shi ne abin kunya. In aka damƙa maka amanar abin da ba a samun madadinsa, ka sauke kai ka koya, kuma ka gwada aikinka kafin ka ce wa mutane su saki nasu. Kamfani ya yi niyyar goge muryoyin, gaskiya ne, amma girman kan mutum ɗaya ne ya hana a cece su.